Maɗaurin da Bai Sha Gumi Ba

Karo na uku ke nan da agogon ya dawo, kuma a wannan karon Mai Usur ko zama bai yi ba. Ya tsaya a bakin kanta, ya kwance maɗaurin, ya ajiye agogon a kan koren ƙyallen da mai gyara ke shimfiɗawa, kamar mai ajiye shaida a gaban alƙali.

"Shekaranjiya minti biyu ya ci mini," in ji shi. "Yau da na tashi na tarar ya tsaya cik a biyar saura kwata. Malam, shekara tara agogon nan yana hannuna bai taɓa yi mini ƙarya ba, sai da ka buɗe masa ciki."

Mai gyara ya ɗauki agogon ya juya shi a tafinsa. Shekara talatin da takwas ke nan yana zaune a wannan ɗan shago da ke maƙale tsakanin kemis da wurin masu buga takardu, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa dawo masa da aiki sau uku ba. Sau biyu ma za a iya ƙirgawa da yatsun hannu ɗaya. Ga shi wanda ya kawo ƙarar ba baƙo ba ne. Tun yana shugaban tashar jirgin ƙasa suka saba, lokacin da yake tsayawa a bakin dogo da usur a baki, idonsa a kan agogo, ya sallami jirgi ko da mai gari ne ke gudu a baya yana ɗaga hannu. Ya yi ritaya da daɗewa, usur ɗin ma ba a san inda ya shiga ba, amma sunan ya bi shi, halin ma bai sake shi ba. Mutum ne da idan ka ce masa ƙarfe huɗu, to huɗu saura biyar yana ƙofarka yana jiran ta cika kafin ya yi sallama.

Agogon kuwa 'ya'yansa ne suka haɗu suka saya masa ranar da ya ajiye aiki. Na manya ne, kuɗinsa ya sayi ƙaramar mota har a yi canji. Ba ya cin batir. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai siffar rabin wata wanda ke juyawa duk lokacin da mai shi ya motsa, juyawar nan ita ke ɗaure sifirin, wato siririn ƙarfen da ke naɗe a ciki, sifirin kuma shi ke tafiyar da komai. Mai gyara yana son irin waɗannan agogon fiye da yadda ya kamata mutum ya so kayan wani.

Wata uku da suka wuce Mai Usur ya shigo ya ce sarƙar ƙarfen ta yi masa nauyi, yana son maɗauri mara nauyi. Ranar mai gyara ya ji daɗinsa. Ya jawo faranti uku ya jera masa: ga fatar kada mai gida-gida, ga ta jimina mai ɗigo-ɗigo, ga ta maraƙi sumul, ga roba, ga na zare irin na matasa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, tun kafin ya sa ma'auni ya san faɗin milimita ashirin ne, ya dai auna don mai kaya ya gani. Mai Usur ya ɗaga na kada ya ce wannan na masu son a gan su ne. Ya shinshina robar ya ce shi ba tayar keke ba ne. Na jimina kuwa cewa ya yi kamar mai ƙyanda. Sai da suka kwashe awa guda, shayi ya huce a kofi, kafin ya tsaya a kan fatar maraƙi mai ruwan zuma, wadda aka ɗinke gefenta da farin zare.

Da a nan aka tsaya da ba a ji kansu ba. Amma mai gyara, da bakinsa, ba wanda ya tambaye shi, ya ce ai agogo ya shekara tara, ya kamata a wanke masa ciki a sa masa sabon mai. Ya warware shi gaba ɗaya, ƙarfe sama da ɗari, ya wanke, ya mayar. Bayan sati uku agogo ya dawo, wai yana makara. Mai gyara ya ce ko ya kusanci rediyo ne maganaɗisu ya kama shi, ya cire masa. Agogo ya sake dawowa. Mai gyara ya sake buɗewa, ya bi kowane haƙori da gilashin idonsa, bai ga komai ba. Rashin ganin komai ɗin nan shi ne abin da ya tsaya masa a rai, domin abu biyu ne kawai: ko babu abin gani, ko kuwa idon ne ya daina gani.

"Bar mini shi sati guda," ya ce daga ƙarshe.

"Sati guda. 'Yata ta ce in ba ta ta aika wa kamfanin da suka yi shi, na ce a'a, ina da mutum. Kada ka sa in ji kunyar yarinya." Mai Usur ya juya ya fita, ya bar ƙofar a buɗe.

Mai gyara ya ɗora agogon a kan na'urar da ke sauraron bugunsa. Ya kwantar da shi fuska sama, ya kifa shi, ya tsayar da shi ta gefe huɗu. A kowane zama layin da na'urar ke zanawa ya tafi sambal, sakan biyu gaba a rana, wani zaman uku. Masu ƙera irin wannan agogo sun yarda ya yi gaba da sakan shida ko baya da huɗu, don haka a gaban na'ura agogon nan ko malamin makaranta ba zai same shi da laifi ba. To amma haka ta faɗa masa a karo na farko da na biyu, kuma na'ura ba ta yawo da agogo a titi. Ya yanke shawarar yin abin da maigidansa da ya koya masa sana'a yake yi kafin a san na'ura, wato ya ɗaura shi a hannunsa ya rayu da shi. Ya cire maɗaurin mai ruwan zuma ya jefa a aljihun tebur don kada ya ɓata wa mai kaya, ya sa wani tsoho na roba, ya saita tsinken sakan da ƙarar da rediyo ke yi a kan awa.

Washegari wajen karin kumallo matarsa ta hango abin yana walƙiya a hannunsa.

"Iko sai Allah. Malam, gado muka ci ban sani ba?"

"Na Mai Usur ne. Gwaji nake yi."

"Wanda ya dawo sau biyu?"

"Sau uku."

Ta ajiye butar shayi ta dube shi, irin kallon da shekara arba'in na aure ke koya wa mace. "Ni dai na faɗa maka. Ran nan ina kallonka kana rarrafe a tsakar ɗaki kana neman maɓallin riga, alhali yana gaban gwiwarka. Zare ma ni nake zura maka a allura. Ka je a duba maka idon nan ka ƙi. Tsufa ba sata ba ne da za a ɓoye shi."

"Maɓalli daban, agogo daban."

"Ƙwarai kuwa. Maɓalli ya fi girma."

Ya yi dariya don kada ta ga inda maganar ta soke shi, amma ta soke shi. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Ba tsoron Mai Usur ba, ba kuma na 'yarsa da kamfaninta ba. Tsoron ranar da zai ɗauki hantsaki ya ga bakinsa yana rawa, ko ya ɗiga mai a inda ba a ɗigawa, ya zama shi ne na ƙarshe da zai sani. Ya ga yadda maigidansa ya ƙare, mutane suna karɓar agogonsu suna godiya, su zagaya baya su kai wa wani ya gyara gyaran. Idan laifin nan daga hannunsa ya fito, to ya san makullin shago ya kusa komawa ga mai ginin.

Kowace safiya ƙarfe bakwai yakan tsaya gaban rediyo da ɗan kati da fensir. Ranar farko, sakan biyu gaba. Ta biyu, huɗu. Ta uku ya yi biris da agogon, ya hau bas da shi, ya wanke kwano da shi, ya ɗaga jikarsa sama ya cafe, da safe ya duba, sakan bakwai. Ya fara kwantar da shi ta gefe idan zai yi barci, don ya san wasu agogon suna rage gudu a haka, sai ya ga ya dawo shida. A rana ta biyar ya cire shi ya ajiye a kan shiryayye don ya ga tsawon numfashinsa, agogo ya yi ta tafiya shi kaɗai har awa arba'in da ɗaya kafin ya tsaya.

Nan fa abin ya daina ba shi tsoro kawai, ya fara ba shi sha'awa. Agogon da ke iya yin kusan kwana biyu a kan shiryayye ba tare da kowa ya taɓa shi ba, yaya za a yi ya mutu kafin gari ya waye a gidan mutumin da ya wuni da shi? Ruwa ba ya tsami banza. Ya yi tunanin ko Mai Usur yana da wata rediyo mai ƙarfin maganaɗisu a gefen gado. Ya yi tunanin ko jikoki ne ke wasa da shi. Har ya yi tunanin ko tsohon ya fara ruɗewa ne yana karanta lokaci ba daidai ba, sai ya tuna wane ne, ya nemi gafarar Allah.

Ranar da sati ya cika, da hantsi, ya jawo aljihun tebur ya ɗauko maɗaurin mai ruwan zuma don ya mayar. Har ya kama 'yar sandar ƙarfen da ke riƙe shi, sai ya dakata. Ya saka gilashi a ido ya matso da fitila.

Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san maɗauri ya fi mai shi faɗin gaskiya. Na direba yakan goge ta gefe ɗaya inda yake shafar sitiyari. Na ma'aikacin ofis ƙarfensa ne ke cika da karce saboda gogar tebur. Na mai ƙiba hudarsa takan ja ta yi tsawo kamar ƙwayar shinkafa. Fata mai haske irin wannan kuwa, wata guda ya ishe ta ta yi duhu ta ciki, ta ɗauki siffar ƙashin wuyan hannu. Wannan ya yi wata uku. Ya juya shi, cikinsa fes kamar yau aka ciro shi daga leda. Farin zaren bai yi dauɗa ba. Ƙarfen babu karce ko ɗaya, ko na bugun ƙofa. Huda ta uku, inda harshen ƙarfen ke shiga, tana nan a zagaye yadda injin ya huda ta.

"Au, ashe ba ya sawa," ya faɗa a fili, har ya fara jin haushi. Ajiye shi yake yi a akwati, sannan ya zo ya ɗora wa mutane laifi!

Amma da ya ƙara dubawa sai haushin ya koma ciki. A daidai huda ta ukun akwai layi a kwance, mai zurfi, inda ƙarfen ke danne fata idan an ɗaura. Irin wannan layi ba ya fitowa sai an ɗaura an kwance kullum, ba fashi. Ke nan ana sa agogon kowace rana. Ana ɗaura shi da safe a kwance da yamma, a hannun da ba ya gumi, ba ya lanƙwasa, ba ya gogar tebur, ba ya bugun ƙofa. Ya zauna da maɗaurin a tafinsa ya yi kasaƙe. Wane irin hannu ne wannan?

Sun yi da Mai Usur ƙarfe sha ɗaya. Sha ɗaya saura kwata mai gyara ya fito ya tsaya a ƙofar shago, abin da ba ya yi, har mai kemis ya leƙo ya tambaye shi ko lafiya. Titin a cike yake, masu babur suna kutsawa tsakanin motoci, wata mata tana jan yaro da hannu ɗaya da buhu a ɗayan. Can daga wajen mahaɗa ya hango shi, da farar rigarsa a goge, yana tafe a miƙe kamar mai duba fareti. Shekara talatin yana ganin tafiyar nan amma bai taɓa kallonta ba sai yau. Hannun dama yana gaba yana baya, yadda hannun kowa ke yi. Na hagu yana manne da gefen riga, gwiwar a ɗan tanƙware, yatsun a dunƙule, ba ya zuwa ko'ina. Da zai tsallaka titi, da dama ya tsayar da mota. Da hularsa ta goce, dama ce ta zagayo ta gyara ta, duk da cewa ta hagu ta karkace.

Abu na farko da mai gyara ya ji, kuma bai ɓoye wa kansa ba, daɗi ne. Ba idonsa ba ne, ba hannunsa ba ne, aikinsa lafiya lau yake. Daɗin bai kai tsawon tsallaka titin ba. Kafin Mai Usur ya iso bakin kwalbati kunya ta rufe shi, ya ji kamar ya tsinci kuɗi ne a aljihun mara lafiya.

"Yau kuma tarba aka fito yi?" in ji Mai Usur. "Ko an gano ɓarnar ne ana neman sulhu?"

"Shigo ka zauna, ranka ya daɗe."

Ya zauna. Mai gyara ya tura masa katin da fensir ya cika da lambobi, ya ajiye maɗaurin a gefensa. Ya bi da shi rana bayan rana, sakan biyu, huɗu, bakwai, shida, da awa arba'in da ɗayan da agogo ya yi a kan shiryayye. Sannan ya buɗe bayan agogon ya nuna masa rabin watan nan, ya karkata shi kaɗan, ƙarfen ya juya.

"Wannan shi ne abincinsa. Idan hannu ya motsa ya ci, idan bai motsa ba ya kwana da yunwa. Agogo mai yunwa yakan fara da rikita lokaci, daga nan ya tsaya." Ya juya cikin maɗaurin sama. "Wata uku, ko gumi bai sha ba. Ni ba likita ba ne, agogo na sani. Amma agogon nan lafiyarsa ƙalau, kuma yanzu na tsaya a ƙofa na ga tahowarka."

Agogon bango goma sha wani abu suna ta ƙas-ƙas, kowanne da nasa ra'ayin. Mai Usur bai kalli katin ba. Hannun hagunsa ya kalla, wanda ke kwance a cinyarsa, babban yatsan yana ɗan karkarwa a hankali kamar mai murza gishiri. Ya sa na dama ya rufe shi.

"Wata biyar," ya ce. "Da maɓallin riga ya fara. Sai sarƙar ta zama kamar an ɗaura mini bulo. Ban faɗa wa kowa ba, ko uwar yaran." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Na so a ce agogon ne, Malam. Wallahi na so a ce kai ne ka ɓata shi. Da na yi maka faɗa, ka gyara, shi ke nan."

"Ni ma sati guda ina roƙon Allah kada ya zama ni ne," in ji mai gyara. "Ga shi an amsa mini, kuma ban ji daɗin amsar ba."

Mai gyara, wanda bai iya zama hannu sake ba idan zuciyarsa ta yi nauyi, ya ce a mayar da agogon hannun dama, can zai samu abinci har ya yi ƙiba. Ya mayar da maɗaurin, ya ɗora masa a wuyan hannun dama ya ce ya ɗaura ya gani. Mai Usur ya ɗago hagun da ƙyar. Yatsun suka kama bakin fatar, suka kai ta bakin ƙarfen, ta zame. Ya sake, ta sake zamewa. A karo na uku agogon ya sulluɓe, mai gyara ya tare shi kafin ya kai ƙasa. Bai taɓa ganin gumi a goshin mutumin nan ba sai yau.

Ya durƙusa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta, inda yake zuba kayan da ba ya son a gani a faranti. Ya ciro wata sarƙa mai talewa, irin wadda ake zura hannu kawai ta koma ta kama da kanta, ba ƙarfen ɗauri, ba huda. Ta agogon 'yan makaranta ce da masu gadi. Ya auna, ashirin daidai. Ya cire mata gaɓa biyu, ya maƙala, ya miƙa.

Mai Usur ya dube ta sama da ƙasa. "Agogon da ya kai kuɗin mota za ka sa wa wannan? Idan 'yata ta gani sai ta kai ka ƙara."

"Ta kai ni. Ka ce ta biyo ta nan idan kun dawo daga asibiti."

Tsohon ya tura yatsun damansa cikin sarƙar, ya dafa ta da gefen hagun, ta tale ta wuce ta zauna daram. Ya girgiza hannun sau biyu, ya kai kunne ya saurara, ya daɗe yana saurare.

"Ƙarfe nawa suke fara ganin mutane a can?"

"Takwas, in ji mai kemis. Amma ana kama layi tun bakwai."

Mai Usur ya miƙo hannun a kan koren ƙyallen, agogon yana sama.

"To saita mini shi daidai, har sakan. Na riga na makara wata biyar, ba zan ƙara ko minti ɗaya a kai ba."